Labarin ciwo na mai ciwo ne

Shekarun nan wata magana ta zama yayi a bakin masu shirya tarurrukan ƙara wa juna sani a manyan otel na Yamai, kuma daga can ta gangaro jahohi. Wai lokacin takarda ya wuce a gidajen likita. Wai nan gaba kaɗan za a naɗe rajista da karne a jibge su a sito, labarin kowane majiyyaci ya koma cikin na'ura, likitan Tasara ya danna ya ga abin da likitan Yamai ya rubuta. Maganar tana da daɗin ji, musamman a ɗaki mai sanyi bayan an sha shayi. Ni dai ina cikin waɗanda ba ta burge ba, kuma ba don ina ƙin na'ura ba ne. Abin da nake ƙi shi ne a ɗinka wa talaka riga ba a auna shi ba, sannan in ta ƙi shiga a ce jikinsa ne ya karkace.

Bari mu fara da fayyace abin da ake magana a kansa, domin malamai sun san rabin gardama rashin fahimtar kalma ne. Manhaja ita ce tsarin umarnin da mutum ya rubuta wa kwamfuta ko waya, ya ce mata ga abin da za ki tambaya, ga inda za ki ajiye amsa, ga wanda za ki nuna wa, ga wanda za ki hana. Wani ne ya zauna ya yanke cewa ba za a wuce shafi na ɗaya ba sai an cika ranar haihuwa, cewa harshen allon Faransanci ne, cewa babu abin da zai motsa sai da rezo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hukunci ne, kuma kowane hukunci yana da wanda ya amfana da wanda ya cutar. Don haka tambayar da ta dace da duk manhajar da aka kawo gidan likitan karkara guda ce: wa aka yi wa ita? Majiyyacin da ke kwance bisa tabarma, ko mai ofishin da ke jiran rahoto?

Tsarin kiwon lafiyar Nijar hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ƙananan ɗakunan magani na ƙauyuka, waɗanda ake kira kaz, da aka gina kusan 2000 daga cikinsu a zamanin shirin musamman na Tandja Mamadou, daga 2001. Bisa su akwai CSI, sai asibitin gunduma, sai na jaha, sai manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram. Kowane ƙarshen wata bayanai suna hawa wannan tsani. Majo ya zauna da rajistocinsa ya ƙirga yara nawa suka zo da zazzaɓi, mata nawa suka yi awon ciki, allurar rigakafi nawa aka yi, ya aika gunduma. Tun wajen 2017 ana zuba wannan ƙidaya cikin DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke kula da ita, wadda ƙasashe fiye da 70 suke aiki da ita. Ban zo in rena ta ba. Ƙasar da ta ga annobar sanƙarau ta 2015 ta san darajar sanin adadi da wuri.

Amma ƙidaya daban, labarin majiyyaci daban. Rahoton wata yana gaya wa minista cewa mata kaza aka yi wa tiyatar haihuwa a jaha kaza. Ba ya gaya wa ungozomar da ke tsaye kan wata mata da tsakar dare cewa wannan matar tana cikinsu. Bayananmu sun ɗauki halin hayaƙi, hawa kawai suka sani. Duk wanda ya zauna da ma'aikatan CSI ya ji kukansu game da takardar amsa: suna tura majiyyaci asibitin gunduma da takardar da ke bayyana abin da suka gani, amma takardar da za ta dawo ta ce ga abin da aka samu, ga abin da aka yi, ga maganin da za a ci gaba da shi, sai a jima ba a ga ɗaya ba. Majiyyacin ya dawo gida da tabo a ciki da ledar ƙwayoyi, aka tambaye shi me aka yi maka, ya ce an yi aiki.

Mu ɗauki misali, irin wanda ba ya buƙatar suna domin yana faruwa ko'ina. Mata ce daga wani ƙauye na arewacin Dakoro, naƙuda ta yi mata gardama, aka kai ta Maraɗi aka fasa ciki aka ciro ɗan. Bayan shekara biyu ta sake samun ciki, wannan karo tana gidan iyayenta a wata gunduma, mijin yana ci-rani. Me ungozomar wurin take bukatar sani? An taɓa yi mata tiyata, kuma don me. Rukunin jininta. Ko jininta ya taɓa hawa har ta yi jijjiga. Ko tana da amosanin jini. Ko akwai maganin da jikinta ya ƙi, musamman Fansidar da ake bai wa masu ciki don rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda ba a sake bai wa wadda ya taɓa yi wa illa, ba a kuma haɗa shi da kotirimokzazol ɗin da wasu masu sida suke sha kullum. Duka-duka abin bai wuce layi goma ba, zai zauna a tafin hannu. Ranta yana iya rataya ga waɗannan layuka goma, alhali kuwa manhajojin da ake tallata mana sukan zo da gurabe ɗari, mafi yawansu don amsa tambayar mai ba da kuɗin proje.

To, a yau mene ne yake bin wannan mata daga Dakoro zuwa Maraɗi, daga Maraɗi zuwa gidan iyayenta? Karne. Ɗan littafin nan da take naɗewa cikin leda ta sa a ƙasan kwalla tare da ƴan kunnenta. Ba ya bukatar wuta, ba ya bukatar rezo, ba ya neman kalmar sirri, kuma mai shi ce take yanke wa za ta miƙa wa. Masu rena takarda su tuna cewa binciken da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a Nijar ta sauko daga 226 cikin 1000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Da kaz aka yi wannan aiki, da gidan sauro, da maganin yara kyauta da aka fara a 2006, da alƙalami da rajista. Ba a ce kwamfuta ba ta da abin da za ta ƙara ba, amma baƙon da ya tarar an yi noma har an kai huɗa bai kamata ya ce gonar fako ce ba.

Za a ce mini karne yana ɓacewa, gara tana ci, ruwa yana jiƙa shi, ambaliyar 2024 ta tafi da takardun gidaje da yawa, kuma rubutun wasu likitoci ko su kansu ba su iya karanta shi bayan mako guda. Duk gaskiya ne. Za a ce majo yana cika rajista biyar a kan yaro ɗaya. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai maganin ɓatan takarda shi ne a sami madadinta a ajiye, yadda mai gona yake ajiye iri a rumbu biyu. Ƴan Malawi sun gane haka tun 2001, lokacin da aka fara sa na'urori masu allon taɓawa a babban asibitin Lilongwe. Can majiyyata suna riƙe da ɗan littafin lafiyarsu, sai masu tsara manhajar Baobab suka bar musu shi, suka haɗa na'urar da ƙaramin injin buga lakabi. A buga lambar majiyyaci da zane-zanen layin da na'ura ke karantawa, a manna a littafinsa. A buga taƙaitaccen bayanin abin da aka yi masa, a manna. Wuta ta ɗauke, littafin yana nan. Littafin ya ɓata, na'ura tana da labarin. Wannan dabara ta haura shekara 20, kuma har yanzu ta fi hankali bisa yawancin abin da ake nuna mana da majigi.

Maganar wuta kuwa ba abin wasa ba ce. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne yake da lantarki a Nijar, a karkara kuma abin ya fi haka muni nesa. Ko birane ba su tsira ba: kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga Nijeriya take zuwa lokacin da aka yanke ta a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Mai tsara manhajar da ya ɗauki rezo a matsayin abin da yake nan kullum, rashinsa kuma haɗari ne na jefi-jefi, ya kifar da gaskiyarmu. A kaz, rashin rezo shi ne yau da kullum, samunsa ne baƙo. Dole na'urar ta riƙe labarin mutanen yankinta a cikinta, ta yi aiki mako uku ita kaɗai da hasken rana da batir, ranar da majo ya hau babur ya shiga gari ta juye abin da ta tara ta karɓo na wasu. A Burkina Faso ƙungiyar Terre des hommes da ma'aikatar lafiyar ƙasar sun yaɗa allon hannu mai bin likita mataki-mataki wajen duba ƙananan yara, tun daga 2014, ya kai gidajen likita fiye da 1000, kuma yana aiki ba rezo. Maƙwabta ne, rana ɗaya take ƙona mu, ƙura ɗaya take shiga mana na'ura.

Amma in an warware matsalar wuta da rezo, saura babbar, wadda ba a cika kawo ta a taro ba domin masu taron ba ta taɓa ci musu tuwo a ƙwarya ba. Raba labarin majiyyaci tsakanin gidajen likita biyu yana nufin na'ura ta tabbata cewa mutumin nan na Tibiri shi ne mutumin can na Maraɗi. Da me za ta tabbata? Manhajojin da aka ƙera a Turai da Amurka sun dogara ga abu uku: sunan iyali, sunan yanka, ranar haihuwa. Mu duba su a ƙasarmu.

Malamin da ya taɓa riƙe rajistar aji ya san mutum ɗaya yana iya zama Mahamadou a takardar haihuwa, Mamane a makaranta, Mohamed a katin ɗan ƙasa, Ɗanjuma a gida. Aboubacar da Boubacar da Boubé da Garba da Habou duk suna ɗaya ne a kunnenmu, a idon na'ura kuwa mutum biyar ne. Hadiza da Hadizatou da Dije haka. Abin da ake kira sunan iyali, a wurinmu sunan uba ne, yana sauyawa kowane zuriya, mace kuma wani wuri a rubuta ta da sunan uba, wani wuri da na miji. Ga alkunya: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, matar kirki ta karkara ba ta faɗin sunan maigida, sai ta sunkuyar da kai ta bar maƙwabciya ta amsa, maƙwabciyar kuma laƙabi ta sani. Jaririn da aka kawo kafin kwana bakwai ba shi da suna ko kaɗan, kuma a cikin kwanakin nan bakwai ne ya fi kusa da mutuwa. Manhajar da ta ƙi buɗe masa shafi sai an cika gurbin suna ta tilasta wa ungozoma ta ƙaga masa ɗaya, wanda ba shi za a raɗa ba.

Ranar haihuwa fa? Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 64 cikin 100 na ƙananan yara ne aka yi wa rajistar haihuwa, manya kuwa da yawa takardarsu cewa take yi an haife su wajen shekara kaza. Wanda ya taɓa shirya takardun ƴan ajin ƙarshe na firamare ya san yadda ake neman takardar kotu da gaggawa, ya san kuma yadda shekaru suke raguwa a hanya. Tsohuwa za ta ce maka ta yi haihuwar fari shekarar El-Buhari. Wannan amsa ce mai kyau, 1984 take nufi, amma gurbin yana son rana da wata. Sai ma'aikaci ya cika 1 ga Janairu, kamar yadda ya cika wa na gabanta da na bayanta. A ƙarshe rumbun ya cika da Mariyama Abdou ɗari, duk an haife su ranar sabuwar shekara, rabinsu daga wani Sabon Gari ko Tudun Wada. Ranar da na'ura ta haɗe biyu daga cikinsu ta ba ɗaya rukunin jinin ɗaya, wa za a kama?

Wasu za su ce a ɗauki zanen yatsa a huta. Yatsan manomin da ya shekara 40 yana riƙe da hauya ya side, na jariri bai nuna ba tukuna, kuma tara zanen yatsun marasa lafiya wuri ɗaya wata fitina ce da zan zo kanta. Hanyar da ta dace ba ta da ƙyalƙyali. A ba kowane majiyyaci lamba, a manna a karnensa. Manhajar ta karɓi suna fiye da ɗaya, ta san Garba da Aboubacar ƴan gida ɗaya ne, ta yarda da shekaru na kintace ta kuma rubuta cewa kintace ne, ta tambayi sunan uwa da ƙauye da mai gari, ta rataya jariri ga lambar uwarsa. In ta yi shakka tsakanin mutum biyu, ta nuna wa likita ya tambaya da bakinsa, kada ta yanke hukunci ita kaɗai. Duk wannan ba ya yiwuwa sai mai tsarawa ya zauna bisa benci a CSI ranar awo, daga safe har azahar, kwana da kwanaki.

Daga suna sai harshe. Tun 1999 aka daidaita rubutun Hausa a Nijar da doka, da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kuma haruffan nan duk suna cikin jadawalin Unicode da kowace waya ke aiki da shi. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Amma har yau akwai manhajojin da in ka rubuta musu Ɗanladi sai su mayar maka da alamar tambaya. Wannan ƙaramar matsala ce, gyaran yini ɗaya. Babbar ita ce bakin majiyyaci. Uwa ta ce yaron yana da shawara, ko zahi, ko tamowa, ko ta ce kai ne. Allon ya kawo jerin cututtuka da Faransanci ya ce a zaɓi ɗaya. Shawara ba kullum ciwon hanta ba ce, zahi kuwa ba shi da takwara guda a littafin likita. Masu binciken LASDEL a Yamai sun daɗe suna nuna wannan giɓi. In babu gurbin da za a rubuta maganar majiyyaci yadda ya faɗe ta, gefe da hukuncin likita, to abin da za a raba tsakanin asibitoci fassarar gaggawa ce, likita na biyu kuma ba shi da hanyar gane inda na farko ya zame. Kuma abin da na faɗa kan Hausa ya hau kan Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci.

Akwai kuma iyaka. Daga Madarunfa zuwa Jibiya, daga Ƙonni zuwa Illela, daga Magarya zuwa Ɓaɓura, ciwo ba ya nuna fasfo. Asibitin Galmi, da ke aiki tun 1950, yana karɓar mutane daga ɓangarorin biyu. Cibiyoyin tamowa na kudancin Maraɗi sun kwantar da yaran Katsina da yawa, ƴan Nijar kuma suna tafiya Kano da Sakkwato neman magani. Rumbun bayanan Yamai ba zai yi magana da na Abuja ba nan kusa. Ɗaya Faransanci, ɗaya Ingilishi, dangantakar gwamnatocin kuma yau fari gobe baƙi. Abin da yake ƙetare iyaka ko an rufe ta shi ne majiyyacin da takardar da ke aljihunsa, harshen da ma'aikatan ɓangarorin biyu suke ji kuwa Hausa ne. Shafi ɗaya da aka buga da Hausa gefe da Faransanci zai yi aikin da yarjejeniyar ministoci ba ta yi ba. Haka makiyayin da ke rani a kudu, damina a Azawak, Satumba a Ingal: gidan likitansa ba ɗaya ba ne, jakarsa ce take binsa.

Yanzu sai sirri, inda masu yayin suka fi saurin wucewa. Kalmar rabawa tana da daɗi har sai ka tambayi me za a raba, da wa. A cikin labarin majiyyaci akwai sida, akwai tarin fuka, akwai yoyon fitsari, akwai taɓin hankali, akwai cikin da ba na aure ba, akwai allurar tazarar haihuwa da mace take yi ba da sanin uwar miji ba. A ƙauye ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya kashe aure. Rajistar takarda tana da mai gadi ɗaya da kwaɗo ɗaya, mai son leƙawa sai ya zo da ƙafarsa. Rumbun na'ura da aka buɗe wa kowane ma'aikaci a ƙasa yana da ƙofa dubu. Wanda ya san gidajen likitanmu ya san allo ɗaya mutum huɗu suke taɓa shi, kalmar sirrin kuma tana rubuce a bangon kabad. Ɗan'uwan miji da ke aiki a wata gunduma zai iya danna sunan matar ɗan'uwansa daga inda yake zaune. Kada kuma a ce manya sun fi ƙarfin ɓarayi: a watan Janairu na 2022 kwamitin ƙasa da ƙasa na Croix-Rouge ya sanar cewa an kutsa rumbunsa an taɓa bayanan mutane fiye da 515,000, kuma a Suwis rumbun yake.

Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun watan Mayu na 2017, an sabunta ta a 2022, an kafa hukumar HAPDP don tsaronta. Madalla. Amma doka tana Yamai, allo yana ƙauye, kuma abin da manhaja ta bari a yi shi za a yi. Sai an gina kunyar a cikinta. Layukan ceton rai su bi majiyyaci ko'ina. Sauran su zauna inda aka faɗe su, kada su buɗe a wani wuri sai mai su ya miƙa karnensa da hannunsa. Duk wanda ya buɗe shafin wani, na'ura ta rubuta sunansa da sa'ar da ya buɗe, a kuma sami mai dubawa. Karnen kansa yana da wannan rauni, domin miji mai karatu yana iya buɗe shi, shi ya sa mata da yawa suke barin katin tazarar haihuwa a gidan likita. Matan sun riga sun raba abin da ke tafiya da abin da ke zama, tun kafin wani injiniya ya yi tunanin haka. Saura a tambaye su.

Sai tambayar da ba a so: in proje ya ƙare, na wa ne? Mun ga motoci masu tambari sun zo, an raba alluna, an ɗauki hoto, an yi shekara uku, kuɗi sun ƙare. Rumbun yana wata ƙasa, kuɗin haya ba mai biya, mabuɗin yana hannun ƙwararren da ya koma gida. Wannan ƙungiya da manhajarta ta tamowa, waccan da tata ta rigakafi, wata da ta sida, ba wadda take gaisawa da ƴar'uwarta, majo ɗaya kuma shi ne zai ciyar da su duka bayan ya cika rajistar da ba a soke ba. Minti biyar da ya ba allo, daga bakin majiyyaci ya ɗebe su. Yuganda ta kai maƙura da irin wannan har a 2012 ma'aikatar lafiyarta ta dakatar da duk sabon gwajin lafiya ta waya sai an daidaita. A Ingila, gwamnati ta ƙaddamar da babban shirin haɗe labarin majiyyatan ƙasar a 2002, ta wargaza shi a 2011, ƴan majalisa suka ƙiyasta kuɗinsa kusan fam miliyar 10. Mai wuta dare da rana da rajistar haihuwa cikakkiya ke nan. A 2025 kuma, da Amurka ta dakatar da taimakonta a watan Janairu ta kuma rufe USAID, an sallami masu shigar da bayanai a asibitocin sida na ƙasashen Afirka da dama. Wanda ya hau dokin aro ya san ranar sauka ba tasa ba ce.

Kasuwar hatsi ta warware irin wannan tuntuni: kowa ya zo da buhunsa, amma tiya ɗaya ake awo da ita. A duniyar manhajar lafiya ma akwai tiya, ƙa'idar da ake kira FHIR ta ƙungiyar HL7, wadda take tsara yadda za a rubuta majiyyaci da magani da sakamakon gwaji don wata manhaja ta karanta. Akwai kuma manhajoji na kowa da kowa, irin OpenMRS da aka fara a 2004 aka soma aiki da ita a Eldoret ta Kenya a 2006, wadda kowa yake iya buɗe cikinta ya gyara. Haƙƙin gwamnati ne ta ce duk mai son shiga gidan likitan Nijar da allo ya auna da tiyarmu, rumbun ya zauna a ƙasa, mabuɗin a hannun ma'aikatar lafiya, a rubuta haka cikin yarjejeniya kafin a sauke kwali na farko. Masu gyara kuma a horar da su nan. Muna da jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, André Salifou a Damagaram, Djibo Hamani a Tawa. Muna da samarin da ke farke waya su ɗinke a bakin kasuwa. Allon da sai an aika shi babban birni kafin a sauya masa batir, kabad zai ƙare.

Malamai da ƙungiyoyin raya harshe suna da rabonsu a nan, kuma in ba su ɗauka ba wani zai fassara mana da na'ura daga nesa. Jerin sunaye da ire-irensu, wanda zai koya wa manhaja cewa Iro da Ibro da Ibrahim ɗaya ne, babu wanda ya fi mai rajistar aji iya tara shi. Kalandar shekarun yunwa da fara da sarauta ta kowace gunduma, wadda za a kintaci shekaru da ita, tana bakin tsofaffin da ƙungiyoyin nan suke ziyarta. Kalmomin ciwo na Gobir da Katsina da Adar da Damagaram, da abin da kowace take ɗauke da shi, aikin zama ne tsakanin malamin Hausa da majo da ungozoma. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida sun fara a Damagaram tun 1973, sun yaye mutanen da za su iya wannan aiki. Daga ciki ne za a fitar da shafin nan mai layi goma da za a manna a karne. A kuma kula da takardar da za a buga shi: irin ta rasit ɗin kanti, wadda zafi ke rubutawa, dushewa take yi cikin ƴan watanni a bazarar Tawa, alhali tazarar ciki da ciki shekara biyu ce ko uku.